Sanduna Shida Daga Lallen Kaka Baraka

"Ya kwanan iyali? Ya kuma ruwan jiya?"

"Ruwa ya yi gyara," Hajaratu ta amsa, ba ta ko ɗago daga tankaɗen da take yi ba. "Kai ne dai har yau bai gyara ba. Shigo mana, ka ƙame a bakin ƙofa kamar wanda aka dasa."

Gide ya shigo tsakar gidan da buhu a kafaɗa, ƙafafunsa duk taɓo har ƙauri. Ɗan kawunta ne, ita kuma ɗiyar gwaggonsa, wato taubasai ne, kuma tun suna yara a Unguwar Mamuda, can bayan Yankara, ba a taɓa haɗa su wuri ɗaya aka ji kunne ba. Yanzu ita ta ba hamsin baya, shi ma furfura ta cinye masa gemu, amma bakunansu sun ƙi tsufa.

Shekara uku ke nan da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen nasu, bayan sun kashe mijinta Malam Abdulƙarim a hanyarsa ta dawowa daga kasuwa. Tun daga lokacin take zaune a Faskari, gidan ɗanta Salahuddeen da ke koyarwa a firamare. Bana da abubuwa suka ɗan lafa, maza suka fara komawa gonakinsu, Gide yana cikin na farko. Ita kuwa ko sunan ƙauyen ba ta son a kama a gabanta. Abu ɗaya ta taɓa roƙonsa, shi ma a fakaice cikin wasa: in ya je ya dubo mata ko lallen kakarsu Baraka yana nan a bayan ɗaki.

"Haka ake tarbar ubangida?" in ji Gide. "Baiwa ta ga mai ita ya sha hanya, ko tabarma babu?"

"Wane ubangida? Wanda ya shigo da ƙafafu kamar ya kwana a kududdufi? Khairiyya! Kawo wa tsohon nan buta kafin ya ɓata mana daɓe."

Khairiyya, matar Salahuddeen, ta fito da buta da tabarma, ta durƙusa ta ce, "Sannu da hanya, Baba Gide." Ta koma ɗaki tana danne dariya, don ta san abin da zai biyo baya.

"Kin ga 'yar mutunci," ya ce yana wanke ƙafa. "Ke kuwa tun ranar da aka haife ki na ce a mayar da ke, ba irinki muka yi oda ba."

"Ranar da aka haife ni kana ina? Da shekara biyu na girme ka. Ni na goye ka, ka jiƙe mini baya ya fi sau ɗari."

"Goyon da kika kayar da ni a bakin rijiya? Ga tabon nan a ƙeya. Shi ya hana ni zama gwamna."

"Abin da ya hana ka zama gwamna yana cikin kan, ba a bayansa yake ba. Mi ke cikin buhun? In dawa ce ajiye. In surutu ne koma da abinka, muna da rediyo."

Gide ya zauna ya miƙe ƙafa, ya jawo buhun a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya zaro wani ƙunshi da aka naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, ya kwance. Sanduna ne guda shida, kowace ba ta wuce kamu ɗaya da rabi ba, kaurinsu kamar ɗan yatsa, an zage musu ganye.

Hajaratu ta leƙa, ta taɓe baki.

"Itacen girki ka kawo mini? Har guda shida? Allah ya saka da alheri, yau za mu dafa bijimi."

"Buɗe idonki da kyau, tsohuwa. Lallen Kaka Baraka ne."

Rariya ta tsaya a hannunta. Amma ba ta yarda fuskarta ta nuna komai ba.

"Ƙarya kake. A bakin hanyar Yankara ka karyo su daga dangar wani."

"Ni? Kin san wahalar da na sha? Macijin da na tarar a gindin lallen nan, in ya miƙe, kansa yana nan wutsiyarsa tana zaure."

"Ƙadangare ka gani."

"Maciji! Ya fasa kai zai sare ni, na ce masa, 'Yi haƙuri, bawan Allah, Hajaratu ce ta aiko ni.' Da jin sunanki ya tattara 'ya'yansa ya bar garin. Ya ce dafinsa bai kai na bakinki ba."

"Da ya sare ka ai shi za a kai asibiti. Gide, bar wasa. Wuta ta ci bayan gidan Kaka, maƙwabciyarmu Hafiza ta faɗa mini da bakinta. Wane lalle zai rage?"

Gide ya kai hannu kansa. Ya cire hularsa, ya ciro wani ɗan curin fure da ya ɓoye a ciki, ƙanana farare masu ɗan ruwan ƙwai, sun fara yaushi saboda tafiya. Ya ɗora mata a kan faifai.

Ba ta ma kai shi hanci ba ƙamshin ya iso ta. Shi ne. Ƙamshin da ke cika bayan ɗakin Kaka Baraka in ruwa ya ɗauke, wanda tsohuwar ke tsinkowa ta cusa cikin adakar kayanta, har zannuwanta ma shi suke yi. A gindin lallen nan aka yi wa Hajaratu ƙunshinta na farko. Da ta yi aure ma ba ta yi nisa da shi ba, katanga ɗaya ce tsakanin gidan kakar da gidan mijinta, kuma a jikin katangar Malam Abdulƙarim ke shimfiɗa buzunsa bayan la'asar. Ta ɗauki furen ta riƙe a tafin hannu. Idanunta suka ciko.

"Kuka kike?" in ji Gide.

"Gari ne ya shiga mini ido."

"To. Garin nan naku yana da yaji."

"Hularka ce ke da yaji. Ka ɗauko fure mai daraja ka sa shi cikin wannan tukunyar zufa. Shekara nawa rabonta da sabulu?"

"Tun ranar da kika daina yi mini wanki. Baiwa ta gudu birni, ubangida ya lalace."

Ta goge ido da bakin mayafi. Akwai tambayoyin da ta shekara uku tana haɗiyewa. Ko ɗanta ba ta yi wa su ba, don ta san zai tausasa mata magana. Gide kuwa ba ya tausasa wa kowa.

"Ɗakina fa?" ta tambaya, idonta a kan furen.

"Ya yi ruku'u, bai dai kai sujada ba. In aka tallafe shi da azara biyu zai miƙe."

"Rumbu?"

"Rumbu kam ya riga mu gidan gaskiya."

"Rijiya?"

"Cike take. Kwaɗi sun kafa gari a ciki, har sun naɗa mai unguwa."

Ta juya furen a tafin hannunta. Sannan ta ce a hankali, "Malam fa?"

Gide ya mayar da hularsa, ya gyara zama. Wannan karon babu wasa a muryarsa.

"Na je. Na nome ciyawar da ta rufe shi, na gyara ƙasar, na jera duwatsu. Na yi masa addu'a, na ce kina gaishe shi."

"Allah ya ji ƙansa."

"Amin. Lallen kuwa, Hajo, gaskiyar Hafiza, wuta ta cinye shi har ƙasa. Amma saiwar ba ta mutu ba. Ya sake tofowa, yanzu ya fi ni tsawo, ya leƙa ta saman katanga. Shekara uku babu mai ba shi ko kofin ruwa, ga shi kore shar, fure kamar an zuba masa gari."

"Fin ka tsawo ai ba abin faɗa ba ne," ta ce. "Kaza ma in ta yi ɗage za ta fi ka."

"Alhamdu lillahi, bakin ya dawo. Tashi ki nuna mini inda za a dasa, kafin su bushe."

Nan Hajaratu ta noƙe. A ƙauye babu abin da ba ta shukawa a bayan ɗaki: yakuwa, kuɓewa, barkono, har da na'ana'a a fasasshiyar tukunya. Amma tun da ta zo Faskari ko ƙwayar rama ba ta sa a ƙasa ba. Gani take in ta shuka wani abu a nan, kamar ta sallama ke nan, ta yarda can ɗin ya ƙare.

"Ni baƙuwa ce a gidan nan," ta ce. "Baƙo ba ya dasa itace."

"Baƙuwar shekara uku? Wadda ta fi masu gidan sanin inda ake ɓoye daddawa?"

"Ka ji ni dai."

"To shi ke nan." Ya fara naɗe tsumman. "Bari in kai wa Zulaihatu. Matata dama ta fi ki hannu, ita ko taɓarya ta kafa sai ta yi ganye."

"Wace Zulaihatun? Wadda ta shuka albasa ta tsiro mata da ciyawa? Ajiye mini kayan kakata!"

"Kakarki? Uwar ubana ce fa. Ni ne mai gado, ke 'yar rakiya ce."

"Uwar uwata ce. Ni na yi mata tsifa, ni na yi mata wanki. Kai mi ka taɓa yi mata ban da satar ƙuli-ƙuli a ƙarƙashin gado?"

"Ina taya ta ragewa ne, kar ya yi fumfuna."

Ta fizge ƙunshin daga hannunsa. Khairiyya, wadda duk tana jin su daga ɗaki, ta fito da fartanya ta ajiye a gabansu.

"Inna, gidan nan naki ne," ta ce. "Duk inda kika ga dama a haƙa."

Hajaratu ta dube ta, ta dubi fartanyar. Ta miƙe ta nufi gindin randa, inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa, ga inuwar darbejiya ta rufe wurin.

"Nan," ta ce. "Ga laima, ga inuwa."

"Nan?" Gide ya riƙe baki. "Lalle za ki dasa ko shinkafa?"

"Kai namiji mi ka sani game da lalle? Ka taɓa ƙunshi?"

"Ban taɓa ba, amma wa Kaka ke sawa ya sassabe shi duk shekara? Lalle rana yake so, Hajo, da ƙasa mai yashi wadda ruwa ba ya kwana a ciki. Ba ya son shagwaɓa. In kika dame shi da ruwa ruɓewa zai yi."

"Kai ne aka ƙi shagwaɓawa, ga yadda ka fito. A raba. Uku naka, uku nawa, kowa ya dasa inda hankalinsa ya ba shi."

"Kin cuci uku ke nan."

Haka aka yi. Gide ya zaɓi jikin katangar gabas, inda rana ke duka tun hantsi. Ya haƙa ramuka uku, ya gauraya ƙasar da yashi da tsohon takin awaki da ya riga ya huce, ya barbaɗa toka saboda gara. Ya sake fere gindin kowace sanda a karkace, ya duba idanun reshen don kada ya kifa ta, sannan ya binne fiye da rabinta ya danne da dunduniya. Ita kuwa Hajaratu ta kafa nata a gindin randa, tana yi tana waigensa.

"Dubi yadda yake leƙen sanda kamar mai duban ƙasa."

"Ina duba sama da ƙasa ne. Ke na ga ɗaya ma a kife kika sa ta."

"A kife aka haife ka, ga ka nan kana yawo."

Ya zuba wa nasa ruwa rabin buta, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki, ya kakkaɓe hannu.

"Khairiyya, ki zama shaida. Nawa kada a ba su ruwa sai ƙasar ta bushe, in sama ta yi ma a ƙyale su. Kada kuma tsohuwar nan ta matso kusa da su, kallonta kaɗai yana ƙona shuka."

"Ko za su mutu a gabana ba zan kalle su ba," in ji Hajaratu.

Ya ci tuwo, ya kushe miyar, ya ƙara, ya tafi.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Hajaratu ta ɗauki sandunanta uku kamar jarirai. Da safe ruwa, da yamma ruwa, in an yi ruwan sama ma sai ta ƙara musu don kada su ce an yi musu rowa. Kullum sai ta durƙusa ta duba ko ido ya fashe. Mako biyu, shiru. A na uku sai ta ga gindinsu ya fara baƙi. Ta taɓa ɗaya, ɓawon ya saluɓe a hannunta, ga wani wari kamar na jiƙaƙƙen tsumma. Ranar ko abincin rana ba ta iya ci ba. Ba sandunan kaɗai ta ji wa ba. Gani ta yi kamar abin da ya rage mata na gida ne ya zo har hannunta, ita kuma ta kashe shi.

Da la'asar tana zaune ta yi tagumi, akuyar maƙwabta ta shigo ta nufi katangar gabas. Hajaratu ta zabura da muciya ta kore ta. Da ta sunkuya za ta gyara ƙayar da akuyar ta ture, sai ta gani. A jikin sanduna biyu daga cikin ukun Gide, wasu 'yan ganyayyaki sun fasa ɓawo sun leƙo, ƙanana kamar kunnen ɓera, kore da ɗan ja-ja a baki. Ta durƙusa a wurin ta daɗe, tana ta hamdala. Tun daga ranar, wadda ta rantse ba za ta kalle su ba ita ce mai gadinsu. Ta ƙaro ƙaya, ta hana kaji sakat. Sau da yawa takan ɗauko buta, ta tsoma yatsa a ƙasar, ta ji da sauran laima, ta mayar da butar tana tsaki.

Mako biyar cif da dasawa, wata ranar da hantsi, ta ji sallamar Gide a zaure. Kafin ya shigo ta yi wuf ta tumɓuke matattun sandunanta ta cusa su ƙarƙashin turmi, ta share wurin da ƙafa. Ta jawo kujera ta zauna a jikin katangar gabas, ta harɗe.

"Baiwa, ina kwana? Na zo ta'aziyya."

"Ta wa? Hankalinka? Ai an daɗe da yin arba'in."

"Ta sanduna uku da aka yi wa wankan gawa da ransu." Ya dubi gindin randa, ya ga wayam. Ya juyo ya ga tohon da ke bayanta, har ya yi rassa. Fuskarsa ta washe. "Allahu akbar! Kin ga aikin maza!"

"Wane maza? Nawa ne waɗannan."

"Naki?"

"Nawa. Naka tun a makon farko gara ta cinye su, ta ce ma ba daɗi. Sai na tausaya wa ramukan, na ciro nawa na mayar nan."

"Ikon Allah. Suka kuma shiga cikin ƙayata, suka tsaya daidai inda na danne da dunduniyata?"

"Dunduniyarka hatimin hakimi ce?"

"Khairiyya! Zo ki faɗi gaskiya, ke ce shaida."

Khairiyya ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu. Ta dubi surukarta, ta dubi Gide.

"Baba, ni wallahi miya nake yi," ta ce, ta koma da sauri.

"Ka ji," in ji Hajaratu. "Shaidarka ta gudu."

"Ba komai. Bari in zauna in huta, tafiya ta gajiyar da ni." Ya nufi turmin da ke kife zai zauna a kai.

"Kar ka zauna nan! Ga tabarma can."

"Yau kuma ni ake yi wa tayin tabarma? Lallai akwai magana." Ya sa hannu ya karkata turmin. Ga sanduna uku baƙi ƙirin kwance a ƙasa. Ya ɗauki ɗaya da yatsa biyu, ya ɗaga ta sama kamar mataccen ɓera. "Inna lillahi. Hajo, waɗannan bayin Allah fa? Ko jana'iza ba ki yi musu ba?"

"Asuwaki ne."

"Asuwaki? To bismilla, goge mu gani."

Hajaratu ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba, har da riƙe ciki. Gide ma ya zube a kan turmin yana ƙyaƙyatawa. Khairiyya tana madafa ana jin tata.

Da suka lafa, Hajaratu ta share hawayen dariya, ta shafa ɗan ganyen da ke kusa da ita.

"Ɗaya dai a cikin naka ma bai yi ba."

"Wannan shi ne wanda ya fi kusa da ɗakinki. Biyun nan kuwa sun kama. In suka kai gwiwa ki tsinke musu kai, su yi rassa su cika. Baɗi war haka kina jin ƙamshi daga kan gadonki, kina yi wa jikoki ƙunshi."

"In Allah ya kai mu." Ta dube shi. "Uwar lallen fa, ta can ƙauye? Tana nan dai?"

"Tana nan, ta yi gashi buya-buya kamar ke in kin tashi barci. Ganye har zuba yake yi a ƙasa. Ni sassabe na iya, ban san lokacin da kuke zagar ganye ba, ban san yadda kuke shanya shi ba. Zulaihatu ta gwada, ta baza shi a rana, ya ƙone ya koma kamar garin kuka."

"A rana? Lalle a rana? A inuwa ake shanya shi, a kan tabarma, ana juyawa! Wannan mata taka za ta kashe ni." Sai kuma ta tsaya. "Tsaya. Zulaihatu ta je can?"

"Sati biyu ke nan tana bina. Hafiza ma ta je, da matan gidan liman. Sun share masallaci, sun fara gyaran ɗakuna."

Hajaratu ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta. Hanyar nan ita ce ba ta son tunawa. A kanta aka ɗauko mata gawar mijinta.

"Gide, don Allah ban da wasa. Hanyar fa?"

"Ban da wasa," ya ce. "Ba zan ce miki babu tsoro ba, don akwai. Ni ma duk sanda muka zo wurin da aka kashe Malam sai tsoro ya kama ni. Amma ba ma tafiya ɗai-ɗai. Mota ɗaya muke cikawa bayan hantsi, mu yi aikinmu, kafin la'asar mun juyo. In an ji wani motsi, ana sanar da mu tun kafin mu tashi, mu fasa. Haka muke yi, kuma zuwa yau Allah ya tsare. Ba na ce ki koma da zama ba. Ki je dai ki gani da idonki, ki tsaya a kan Malam ki yi masa addu'a da bakinki. Tawa ba irin taki ba ce."

Hajaratu ta dubi tohon lallen da ke kusa da ita. Tsoron yana nan, ba inda ya je. Amma ta tarar akwai wani abu kusa da shi da ya fi shi nauyi yau: tana son ta gani.

"Yaushe za ku koma?"

"Jibi."

"Sai na yi shawara da Salahuddeen."

"Na riga ki. A bakin makaranta na tare shi. Ya ce in kin yarda, da shi za a je."

"Wato kun gama ƙulla mini, kai da ɗan nawa."

"Mu ne iyayen gidanki, dole mu yi miki tunani."

"To ku tanadar mini gaban mota. Ba zan zauna a baya kusa da hularka ba. Khairiyya, nemo mini buhu mai tsabta da 'yar wuƙar nan, kafin matar wannan mutumin ta ƙarasa mana gadon kaka."

Gide ya miƙe yana gyara riga, amma bai nufi ƙofa ba.

"Saura abu ɗaya."

"Mi kuma?"

"Ba ki faɗa ba. Lallen wa ya kama?"

Ta harare shi. Ta dubi bango, ta ce ƙasa-ƙasa, "Naka."

"Na'am? Kunnen nan nawa tun faɗuwar da aka yi da ni ba ya ji sosai."

"Na ce naka ya kama, nawa ya mutu. Ka fi ni iya dashe. Shi ke nan?"

"Wallahi iska ta ɗauke. Ƙara ɗagawa, maƙwabta ma su amfana."

Hajaratu ta tashi. Ta zagaya bayan madafa, aka ji kaji sun watse da kuka, sai ga ta ta dawo da wani jan zakara ƙosasshe, ta riƙe shi ta fukafukai. Ta danƙa masa a ƙirji.

"Ungo. Ni sau ɗaya nake faɗa. Wannan zai riƙa maimaita maka kullum da asuba, har ka gaji."

Gide ya rungume zakaran yana dariya har hularsa ta faɗi. Ya sunkuya zai ɗauka, zakaran ya sakar masa kashi a gaban riga.

"Ka ga," in ji Hajaratu, "har ya fara."